Shagon kwafi na hanyar jami'a, da dokar kuɗin yaƙin Amurka da na buga a can

Shagon da zan ba ku labarinsa ya fi maƙwabtansa tsada, gara in faɗi haka tun da wuri. Duk mai bin hanyar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya san layin masu kwafin nan, ƙofa na bin ƙofa, kowa da allonsa an rubuta farashi da alli. Kwafi dala biyar shafi, bugu daga kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, dala goma, ko'ina haka yake. Shi kuwa wannan, idan takardar ba ta hannunka, sai an shiga intanet an nemo maka ita, dala goma sha biyar zai ce, kuma ba ya ragi ko waye ya aiko ka. Ɗalibai da yawa suna wuce shi saboda wannan dala biyar ɗin da ta hau. Ni can nake kai aikina, kuma abin da ya ɗaure ni da wurin wata doka ce ta Amurka wadda ba ta haɗa komai da tukunyar gidana ba.

Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. A ciki akwai kwamfuta biyu, babban injin kwafi na hannu wanda ya sha duniya kafin ya iso Maradi, ƙaramar na'urar bugu, da injin huda takarda na ɗaurin zobe. A saman kwano fanno na hasken rana, batura a ƙarƙashin tebur. Wanda ya zauna garin nan daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har zuwa Maris na 2024, ya san darajar wannan. Sai dai baturan ba sa ɗaukar babban injin. Idan kuran ya tafi, kwafi ya tsaya ke nan, bugu daga kwamfuta ne kaɗai ke ci gaba. Mai shagon, Alhaji, dattijo ne, tsohon magatakarda, yawanci yana waje bisa benci da rediyonsa da carbi, shi ke karɓar kuɗi. Aikin kansa yana hannun ɗan ƙanwarsa, wani saurayi marar yawan magana da ya yi sakandare a Katsina kafin ya dawo gida, don haka yana karanta Ingilishi kamar yadda yake karanta Faransanci. Shi ne shagon, in dai gaskiya za a bi.

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar lise a cikin gari. A watan Afrilun 2024 yaran ajin ƙarshe sun hana ni sakat da maganar Amurka, kuma ban ga laifinsu ba. Ranar 16 ga Maris mahukuntan ƙasarmu sun sanar da soke yarjejeniyar soja da Amurka, ana ta zancen ficewar sojojinta daga sansanin Agadas, sai kuma ga rediyo na cewa majalisar Amurka ta amince da dalar Amurka biliyan 95 don Yukren da Isra'ila da Taiwan. A tunanin yaran, shugaban ƙasa ne ya tashi da safe ya ce a bayar, ƴan majalisa suka tafa. Yaran nan ba su taɓa bin zaman majalisa da hankalin manya ba, tasu majalisar an rushe ta tun Yulin 2023. Na yi ta bayani a kan allo, na ga ba ya shiga. Sai na yanke shawarar in kawo musu takardun kansu, dokar da sunayen masu ƙuri'a, su riƙe a hannu su ƙirga da yatsa.

Lambar dokar na sani, H.R. 815. Na rubuta ta a takarda na ba wani ɗalibina ya kai wani shago mai arha a layin. Ya dawo da ƴan shafuka, da lambar daidai a sama, amma babu Yukren, babu Isra'ila, babu biliyan ko ɗaya. Magana ce ta biyan kuɗin asibiti ga tsofaffin sojojin Amurka idan jinyar gaggawa ta kama su. Mai shagon can ya buga abin da ya fara fitowa a gabansa, ya karɓi kuɗinsa, shi ke nan.

Washegari na je wannan na Alhaji da kaina. Na miƙa wa saurayin lambar, ya shiga rumbun takardun majalisar Amurka, ya ɗan yi shiru yana duba, sannan ya juyo.

"Mushe, wacce daga ciki?"

"Wacce kamar yaya, ɗana? Ai doka ɗaya ce."

"Lambar ce ɗaya, Mushe. Takardun sun fi biyar. Ta farko maganar asibiti ce. Akwai ta Fabrairu, akwai ta Afrilu, akwai wadda shugabansu ya sa wa hannu. In kun ba ni minti kaɗan in duba kwanan kowacce, kada in ɓata muku kuɗi."

Wannan tambayar ita ce dala biyar ɗin da ake biya a nan. Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, muka bi tarihin takardar daga ƙasa zuwa sama, kuma a tsaye a wurin na samu darasin da zan koyar. Tsarin mulkin Amurka ya ce dokar haraji daga majalisar wakilai take farawa, su kuma wakilan sun daɗe da dagewa cewa dokar kashe kuɗi ma haka. To idan majalisar dattawa tana son ta riga su, sai ta nemi wata ƙaramar doka da wakilai suka riga suka aiko mata, ta goge duk abin da ke ciki ta zuba nata. H.R. 815 ta tsofaffin sojoji wakilai sun amince da ita tun Maris na 2023, tana ajiye a wurin dattawa, sai suka ɗauko ta. Kamar buhun siminti ne da aka zazzage aka cika da gero, rubutun jikin buhun bai sake ba. Mai shagon farko rubutun buhu ya sayar wa ɗalibina.

Daga nan muka shiga ƙuri'u. Na ce masa duk wata takardar kiran suna, wato mai nuna sunan kowa da ƙuri'ar da ya kaɗa, da ta shafi dokar nake so, ya ce suna da yawa, mu zaɓi masu ma'ana. Ya iya wannan zaɓen fiye da yadda na zata.

Ta farko ta 7 ga Fabrairun 2024 ce a majalisar dattawa. Tun Oktoban 2023 Joe Biden ya nemi kuɗin, ƴan Rifablikan suka ce ba za su bayar ba sai an haɗa da tsaurara iyakarsu da Meziko. Sanatoci uku, James Lankford da Chris Murphy da Kyrsten Sinema, suka kwashe watanni suna sasantawa, suka fito da daftari mai shafi 370 na dalar Amurka biliyan 118. Donald Trump, wanda a lokacin ɗan takara ne kawai, ya ce bai yarda ba, sai waɗanda suka nemi abin da bakinsu suka juya masa baya. Ƙuri'a 49 na e da 50 na a'a. A nan ne dole ka fahimtar da yaro cewa a wannan majalisa mai kujera 100, rinjayen 51 ba ya isa. Kafin a kai ga ƙuri'ar ƙarshe sai an rufe muhawara, rufe muhawara kuwa sai da 60. Saurayin ne ya nuna mini wani abu da idona ya tsallake: sunan Chuck Schumer, jagoran masu rinjaye na lokacin, mutumin da ya kawo daftarin, yana cikin layin masu cewa a'a. Dalili shi ne ƙa'idarsu ta ce wanda yake ɓangaren da ya yi nasara ne kaɗai ke da ikon neman a sake duba ƙuri'a, don haka da ya ga abin ya faɗi sai ya sauya tasa. Wannan shafi ɗaya ya cinye mana rabin sa'a a aji.

Aka cire maganar iyaka, aka bar kuɗin waje. Ranar 8 ga wata aka samu 67 da 32 na buɗe hanya, sannan ranar 13 ga Fabrairu da asuba, bayan masu adawa sun kwana suna jawabi, aka amince da 70 da 29. Ƴan Rifablikan 22 ne suka bi, har da jagoransu Mitch McConnell. A cikin masu ƙi akwai Bernie Sanders da Jeff Merkley da Peter Welch, su saboda Gaza.

Sai takardar ta je majalisar wakilai ta kwanta fiye da wata biyu. Babu takardar ƙuri'a ko ɗaya da za a buga ta wannan tsakanin, kuma wannan rashin shi kansa abin koyarwa ne. Shugaban majalisar, Mike Johnson, shi ke da ikon abin da ake kawowa zaure, kuma ya ƙi kawo ta, domin wani ɓangare na jam'iyyarsa ta Rifablikan ya yi masa barazanar tsigewa kamar yadda suka yi wa Kevin McCarthy a Oktoban 2023. Akwai hanyar zagaye shi, ita ce ƴan majalisa 218 daga cikin 435 su sa hannu a tilasta fito da doka, an fara tara hannun amma bai cika ba. Abin da ya motsa lamarin shi ne harin jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami da Iran ta kai wa Isra'ila a daren 13 ga Afrilu.

Dabarar da Johnson ya yi ita ce ta fi burge yaran, kuma ita ce ta fi cin takarda. Ya san akwai masu son Yukren da ba sa son Isra'ila, akwai masu son Isra'ila da ba sa son Yukren. Idan aka kawo abin dunƙule, ƙiyayyar ɓangarorin biyu za ta haɗu. Sai ya raba shi gida huɗu: na Isra'ila kimanin biliyan 26, wanda kusan biliyan 9 a ciki na agajin jin ƙai ne, na Yukren kusan biliyan 61, na Taiwan da yankin tekun Fasifik biliyan 8, sai na huɗu da aka tara tarkace a ciki, takunkumi kan Iran, ƙwace kadarorin Rasha, da tilasta wa kamfanin ByteDance ya sayar da TikTok. Kowanne da ƙuri'arsa, kowa ya ƙi wanda yake ƙi ba tare da ya kashe sauran ba. Amma a cikin ƙa'idar muhawarar, wato tsarin da majalisa ke fara amincewa da shi kan yadda za a tattauna doka, an riga an rubuta cewa da zarar huɗun sun wuce, za a sake ɗinke su su koma abu ɗaya a ƙarƙashin tsohuwar lamba 815.

Ita wannan ƙa'idar muhawara ita ce ainihin fagen daga, kuma ita ce rediyo bai tsaya a kanta ba. A al'adarsu, masu rinjaye su kaɗai ke ɗaukar nauyinta, ƴan adawa ƙi suke yi ko da suna son dokar. A wannan karon, a kwamitin tsara muhawara, ƴan Rifablikan uku suka bijire, ƴan Dimokurat huɗu suka cike gurbin, aka tashi 9 da 3. Ranar 19 ga Afrilu a zaure aka samu 316 da 94, kuma ƴan adawa 165 ne suka ce e, nasa mutanen 151. Ranar Asabar 20 ga wata aka kaɗa huɗun: Yukren 311 da 112, Isra'ila 366 da 58, Taiwan 385 da 34, na TikTok 360 da 58. Duk 112 ɗin da suka ƙi na Yukren ƴan jam'iyyar shugaban majalisar ne, sun fi 101 da suka bi shi yawa. Dattawa suka amince ranar 23 da 79 da 18, Biden ya sa hannu ranar 24. Saurayin ya ƙara mini wata takarda da ban nema ba, ta 8 ga Mayu, ranar da wata ƴar majalisa daga jam'iyyarsa, Marjorie Taylor Greene, ta nemi a tsige Johnson aka jingine buƙatarta da 359 da 43. Ya ce, "Mushe, wannan ba ta cikin lissafi, amma in babu ita labarin bai ƙare ba." Alhaji daga waje ya ji, ya ce wane ne ba ya cikin lissafi. Aka sa ta a lissafi.

Wajen dokar kanta ya hana ni ɓarna. Na ce a buga duka, ya ce tuli ce, kuma rabinta sunayen ofisoshi ne da lambobin wasu dokoki. Ya ciro mini farkon kowane sashe, inda adadin kuɗin yake, da sashen TikTok wanda ya san yara za su yi rububi a kai, inda aka ba kamfanin kwana 270. Ya kuma nuna mini wurin da aka ware kimanin biliyan 23 daga kuɗin Yukren don sake cika rumbunan makaman Amurka kanta, abin da ya sa wani yaro ya ce ashe kuɗin daga aljihun dama suke komawa na hagu. Gaba ɗaya, da bugu, da kwafin rukuni-rukuni, da ɗauri, na biya jikka shida da ƴan kai. Da na bi son raina da ya kusa ninka haka.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Tawada. Alhaji ba ya yarda a sauya ta sai ta mutu murus, sai ka ga saurayin ya ciro kwanson ya girgiza ya mayar. A kan takardar makaranta wannan ba komai, amma a kan takardar ƙuri'ar wakilai ya zame mini matsala ta gaske. Tsarin da ya buga mini ba ya rubuta jam'iyya kusa da suna, sai dai sunayen jam'iyya ɗaya da miƙaƙƙun haruffa, na ɗayar da karkatattu. Da tawadar ta dushe, aka kuma sake kwafi daga dusasshen, sai miƙaƙƙe da karkatacce suka zama ɗaya. Rukuni biyu na yarana sun ƙirga takarda ɗaya sun samo lissafi biyu. Na koma na nuna, aka sake mini shafukan, amma Alhaji ya ce kuɗin takarda dai sai na biya, tunda ba shi ya halicci ƙananan haruffa ba. Na biya, raina bai so ba.

Ɗaurin ma sai a hankali. Zoben roba da ya sa wa babban kundin ya yi masa kaɗan, kafin mako ya zagayo haƙora sun fara karyewa, shafuka na zamewa. Suna da manyan zobba, amma ba sa fito da su sai ka tambaya da bakinka.

Sannan mutum ɗaya ne ke aikin. Idan yana tsakiyar naka, wani ya shigo da gaggawar takardar neman aiki ko hoton katin ɗan ƙasa, sai ya ajiye naka ya sallame shi, wani kuma ya shigo. Ladabi ne ya yi masa yawa, ba ya iya cewa kowa ya jira. A lokacin da ɗaliban jami'a ke haɗa kundin kammala karatu, kada ma ka sa rai, layin har waje. Ranar da ya tafi sayayyar kaya kuwa, shagon a buɗe yake amma babu kowa, domin Alhaji kwafi kaɗai ya iya, shi ma fuska ɗaya. Wurin zama kujera biyu ne, kuma idan an koma kan batura fanka ake fara kashewa. A zafin Afrilu na Maradi, wannan hukunci ne.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi son a ji: kada ku sayi rubutacciyar fassara a wurin. Bayani da baki kyauta yake yi, da Hausa, kuma ya iya, zai gaya maka wannan ƙuri'ar ta mene ce cikin jimla biyu. Amma in ka ce a rubuta maka da Faransanci, jikka guda shafi, na'ura yake ba aikin ya ɗan shafa mata mai. Na gwada shafi ɗaya, abin da ya fito ba ya karantuwa a gaban aji. Da na faɗa masa bai musa ba.

Akwai aiki na biyu da na ba shi, wanda ya yi iya yinsa. Na ce tunda mun ga na Amurka, a nemo mini makamancinsa na gida. Ina tune da 9 ga Fabrairun 2015, bayan harin Boko Haram a Boso da Difa, ranar da majalisarmu ta amince baki ɗaya a tura soja Najeriya. Ina kuma tune da 22 ga Afrilun 2022, lokacin da Firaminista Uhumudu Mahamadu ya je gaban ƴan majalisa kan batun karɓar sojojin waje da ke fitowa daga Mali, aka wuni ana muhawara, aka tashi 131 da 31. A wancan zamani mutane kan kasa kunne a rediyo su ji depite nasu ya miƙe yana magana da Hausa ko Zabarmanci. Saurayin ya yi ta tono, abin da ya iya ciro mini rahotannin jaridu ne, da jimillar ƙuri'a da maganganun wasu manya. Ya buga mini uku mafi tsabta, ya kuma ƙi karɓar kuɗin nema, ya ce bai kawo abin da aka aike shi ba. Wannan karon Alhaji yana masallaci.

A aji na ajiye kundin biyu gefe da gefe. Ban ɓoye wa yaran ra'ayina ba game da inda kuɗin Amurkan suka tafi: biliyoyin makamai ga Isra'ila alhali Gaza na cikin halin da take, wannan ba abin da zan yaba ba ne, kuma yawan ƙuri'a ba ya wanke shi. Amma wata yarinya ta ɗauki takardar 366 da 58, ta bi layin masu ƙi da yatsa har ta samu Ilhan Omar, ta samu Rashida Tlaib, ƴan majalisa mata musulmi, ta ɗaga kai tana murmushi kamar ta ga ƴan uwanta. Wani yaro kuma, ɗan wajen Madarunfa, wanda ƙauyensu ya san ƴan bindiga da satar shanu ba a rediyo ba, ya juya rahoton 2022 gaba da baya ya ce, "Mushe, to namu depite wane layi yake?" Takardar da ke hannunsa lamba biyu kawai ta ƙunsa. Daga nan zancen ya koma kan Asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023, da dala bibbiyun da ake cira idan sun sayi megabait, da yadda kasafin kuɗi yanzu majalisar ministoci ke zartar da shi. Na bar su suka yi ta yi, ni dai na hana a ɗaga murya. Mun raba ajin gida biyu mun kwaikwayi zaman 19 ga Afrilu, wanda aka ba kujerar Johnson ya yi gumi sosai, saura kaɗan nasa mutanen su tsige shi da gaske.

Tun daga lokacin, duk takardar da ke da kwanan wata da lamba, ta gwamnati ce ko ta wata hukumar duniya, can nake kai ta. Kwafin jarrabawa da sauran tarkacen yau da kullum kuwa ina ba maƙwabtansa, domin a kan wannan babu abin da ya fi su.

In za ku je, ku je da safe kafin ƙarfe goma, lokacin batura na cike kuma ɗalibai na aji. Ku tura takardarku ta WhatsApp maimakon kile, kwamfutar da ke bakin ƙofa kowa na soka mata nasa. Ku ce a buga shafi ɗaya tukuna ku duba shi a hasken waje kafin a saki sauran, in ya dushe ku ce za ku dawo bayan an sauya tawada. Ku nemi babban zobe, ku nemi rasit mai hatimi idan makaranta ce za ta mayar muku da kuɗinku. Ranar Juma'a suna rufewa tun sha biyu, ba sa dawowa sai bayan la'asar.